Tsofaffin fitilun dandamalin wasan kwaikwayo: a gyara su ko a sayar wa 'yan gwangwan?

Wani malami da ke kula da ɗakin taron wata kwaleji ya aiko da tambaya. Ya ce sun buɗe sito sun tarar da fitilun dandamali kimanin 30, yawancinsu an rubuta Strand a jikinsu, wasu masu lamba 23, wasu 123, wasu kuma manya masu lamba 743, tare da 'yan gwangwanayen PAR 64, wato fitilu masu siffar gwangwani. Duk sun sha ƙura, wasu sun fara tsatsa, kuma an yi shekaru babu wanda ya kunna su. Yana son ya san ko sun cancanci gyara, ko kuwa a sayar da su a nemi fitilun LED.

Malam, kada ka sayar, kuma kada ka jona ko guda ɗaya a wuta tukuna. Abin da ke hannunka kaya ne masu asali. Kamfanin Strand Electric an kafa shi a Landan a 1914, kuma fitilar nan mai lamba 23 ta fito ne a 1953, aka yi kusan shekara 30 ana ƙera ta. Mai lamba 123 ta biyo bayanta a 1957. Jikinsu na zubin alminiyam ne, gilashinsu mai kauri ne, kuma babu wata na'ura mai ƙwaƙwalwa a cikinsu da za a ce ta mutu babu mai gyara. Gangar jikin irin wannan fitila ba ta cika tsufa ba. Abin da ke tsufa shi ne waya, da mariƙin ƙwai, da haɗin wayar ƙasa, wato wayar tsaro da ke kai wutar da ta zuba a jikin fitila zuwa ƙasa, da kusoshin da ke riƙe ta a sama, kuma dukkansu ana iya sabunta su da kuɗin da bai kai rabin farashin sabuwar fitila mai inganci ba. Sai dai waɗannan abubuwan da ke tsufa su ne kuma masu kashe mutum ko tayar da gobara, don haka jerin aikin yana da muhimmanci: a fara da abin da ya shafi rai, sannan a koma kan kyawun haske.

Na san hannu zai fara kaiwa ga bulowa don a kaɗe ƙurar hunturun da ta taru, to a dakata. A fara duba wayar da ta fito daga bayan kowace fitila. Idan ka ga wayoyi uku a rarrabe, kowace an lulluɓe ta da wani farin saƙi mai kama da igiyar auduga, yana sauka gari-gari idan an taɓa, to ka ɗauka asbestos ne, wani ma'adini mai zare-zare da ke illa ga huhu, har sai an tabbatar maka da akasin haka. Da shi aka riƙa rufe wayoyin fitilun wasan kwaikwayo har zuwa shekarun 1970, saboda ba ya kamawa da wuta, kuma Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai a 1999. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, kuma cutar da take haddasawa, har da sankarar fatar huhu, takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Irin wannan fitila ba a hura mata iska, ba a goge ta da buroshi, ba a bai wa ɗalibai su kwance. A ware ta gefe a cikin leda. Wanda ya san aikin shi zai cire wayar, a fili, sanye da takunkumi mai matatar P3, bayan ya jiƙa saƙin da ruwa mai ɗan sabulu don kada ƙurar ta tashi, ya kwance ta daga tushe ba tare da ya yayyaga ta ba, ya ɗaure a leda biyu, sannan ya goge cikin fitilar da jiƙaƙƙen tsumma wanda shi ma za a zubar tare da wayar. Takunkumin yadi da ake sawa saboda ƙura ba ya tare wannan.

Ko da ba asbestos ba ce, shawarata ita ce a canza wa kowace fitila waya, ba tare da an tsaya tantance wadda ta fi kyau ba. Launi ma yana faɗa maka shekarunta: idan ka ga ja da baƙi da kore, wayar ta girmi canjin da aka yi a Birtaniya wajen 1970, lokacin da aka koma ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. Kuskuren da na fi gani a wajen masu gyaran wuta na gida shi ne su sa wayar roba ta yau da kullum, wadda ake jona fanka ko firji da ita. Wannan robar an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba, alhali cikin fitilar wat 1,000 yana ninka haka nesa ba kusa ba. Cikin 'yan makonni za ta bushe, ta tsattsage, tagulla ta taɓa gangar jiki. Wayar silikon ake sawa, mai jure digiri 180, mai kaurin milimita 1.5, kuma da yake silikon yana da laushi yana saurin yagewa, sai a zura masa rigar zaren gilashi a inda ya ratsa ƙarfe, a kuma ɗaure shi da maƙalli a bakin shiga don kada ja ya kai ga mahaɗa. Ba a amfani da dalma a cikin fitila domin tana narkewa a wajen digiri 185, ba a naɗa salatif, ba a sa mahaɗin roba. Matsewa ake yi da kan waya na ƙarfe, ko mahaɗin tangaran. Wayar ƙasa kuma a bar ta ta ɗan fi sauran biyun tsawo, saboda idan wani ya fizgi igiyar, ita ce ta ƙarshen tsinkewa, kuma a kankare fenti da tsatsa a wurin da za a ɗaure ta har sai ƙarfe ya fito fes.

Daga nan sai mariƙin ƙwai, wanda a ganina shi ne zuciyar gyaran baki ɗaya, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Masu lamba 23 da 123 suna da mariƙi irin na P28s, wanda ake danna ƙwai a murɗa, da wani ɗan maɓalli mai sifirin a tsakiya da ke tokare gindin ƙwan. Mai lamba 743 tana da GX9.5, mai ramuka biyu da ƙafafun ƙwai ke shiga. Shekaru na zafi da sanyi suna kashe ƙarfin sifirin ɗin, sai haɗin ya yi sako-sako, wuta ta riƙa tsalle a ɗan gibin da ke tsakani, wurin ya yi baƙi ya yi ƙuraje. Ka cire ƙwai ka duba ƙafafunsa da kyau a cikin haske: lafiyayyu suna sheƙi, masu ciwo kuwa sun dushe, sun yi tabo kamar an ɗiga musu wuta. Wannan ciwo yana yaɗuwa kamar ƙazuwa, domin ƙonannen mariƙi yana lalata sabon ƙwai, ƙwan da ya lalace kuma idan aka mayar da shi wata fitilar sai ya ƙona mariƙinta. Shi ya sa za ka ji ana kukan cewa wata fitila tana cin ƙwai, ana ta zargin mai sayarwa, alhali laifin yana cikin mariƙin nan na tangaran. Gogewa da samfefa ba magani ba ne, yana ma cire ɗan rufin da ke kare ƙarfen, sai tsatsar ta dawo da sauri. Idan ya yi baƙi, ko tangaran ya tsage, ko ƙwai yana girgiɗi a ciki, a canza mariƙin da ƙwan tare.

Gwangwanayen PAR 64 suna da nasu haɗarin na daban. Haskensu ba zagayayye ba ne, mai ɗan tsawo ne, don haka mai saiti yakan zura hannu ta baya ya kama mariƙin tangaran ya juya ƙwan, fitila tana kunne. Idan rufin waya ya zame a daidai nan, yatsa ne zai tarar da wuta, mutum kuma yana kan tsani. Akwai murfin kariya da ake sayarwa don wannan wurin, a sa wa kowace. A kuma karanta rubutun da ke bayan ƙwan, domin akwai na bolt 120 da ake yi don Amurka, waɗanda ake jona biyu a jere. Idan aka ba ɗaya shi kaɗai bolt 230 irin namu, nan take zai mutu. Na wutarmu su ne CP60 mai matsattsen haske, CP61 mai bi masa, da CP62 mai faɗi.

Kafin kowace fitila ta ga wuta, a yi mata awo biyu. Na farko, tsakanin ƙafar ƙasa ta fulogi da gangar jikin fitilar, a auna yadda hanyar ke tauye wuta, wanda bai kamata ya wuce om 0.1 ba in an cire na tsawon wayar kanta. A auna a jiki, a auna a murfi, a auna a ƙarfen rataya. Na biyu, a sa na'urar mega, mai gwada lafiyar rufin waya, a kan bolt 500 tsakanin wayoyin wuta da gangar jiki, a ga aƙalla megaom 1, wato om miliyan ɗaya. Ƙaramar mitar aljihu ba ta isa awo na biyun ba, domin da batir ɗan ƙarami take aiki, ba za ta tona rufin da sai ya ji wuta mai ƙarfi yake zuba ba.

Yanzu sai abin da ke saman kawunan mutane. Ƙarfen da ya rungumi fitilar, da kusar da ke haɗa shi da ƙugiya, da hannun da ke ɗaure karkatarta, duk a kwance a duba ko akwai tsaga, musamman kusa da ramukan kusoshi, domin zubin alminiyam ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, karyewa yake yi farat ɗaya. Tsofaffin kayan Strand da kusoshin tsohon awon Ingila aka ɗaure su, irin su Whitworth da BA, ba na milimita da ke kasuwa yanzu ba. Duk wanda ya tura kusar milimita da ƙarfi a cikin ramin ya cinye zaren, ya kuma jawo aikin da ya fi na farko. Saboda haka ko da fitila ta mutu murus, a adana kusoshinta a gwangwani. Kowace fitila da za a rataya sai ta sami igiyar tsaro ta ƙarfe ban da ƙugiyarta, wadda aka rubuta nauyin da take ɗauka, a zagaya ta a jikin bututun rataya ba tare da sako mai yawa ba. Wayar ɗaure kaya ko igiyar nailan ba sa cikin lissafi.

Sai bayan duk wannan ake maganar haske, kuma a nan ne aikin ke da daɗi. Fitilar da ta shekara goma a sito a ƙasarmu, idan ka buɗe ta za ka tarar da ƙura ta kwanta a kan gilashi har ta yi ɓawo, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin madubi, sau da yawa kuma zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a daidai ramukan shan iska. Wannan ginin sai an fasa shi tas, domin ta waɗannan ramuka zafi ke fita, kuma ƙwan halojin, wato ƙwai mai zare da aka cika da iskar halojin, yana mutuwa da wuri idan gindinsa, inda aka matse gilashi a kan ƙarfe, ya wuce digiri 350 ko makamancin haka. Kafin ka kwance gilasai ka ɗauki hoto da wayarka, saboda kowane gilashi yana da fuskar da yake kallo, kuma idan aka juya shi baibai hasken ba zai taɓa yin kaifi ba. A wanke su da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano, a ɗauraye, a bar su su bushe sarai. Gilashin masu lamba 123 da 743, mai zobba-zobba kamar matakala, shi ne wanda Augustin Fresnel na Faransa ya ƙirƙiro a shekarun 1820 don hasumiyar jagorar jiragen ruwa. Ɓangaren matakalar ne ke kallon waje. Kada a ɗaure shi tamau, a bar masa ɗan wurin motsi, domin yana buɗewa idan ya yi zafi, kuma wanda aka matse shi ne ke tsagewa ana tsakiyar wasa.

Madubin da ke bayan ƙwai alminiyam ne da aka yi wa wani siririn rufi mai sheƙi. Man goge tagulla ko soson ƙarfe suna cinye rufin, madubin ya yi kyau na kwana biyu sannan ya dushe har abada. Tsumma mai laushi da sipirit sun wadatar. Wanda ya riga ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka ya gama aiki, sai a ciro na wata fitilar da aka yanke wa hukunci. Duk wurin da ke zamewa, kamar tiren da ke kai ƙwai gaba da baya, ba a sa masa giris ko man inji, saboda zai ƙone ya yi hayaƙi, hayaƙin ya kwanta a kan gilashin da ka gama wankewa, ragowar kuma ta kama ƙura ta daskare. Garin gurafait ake sawa, wato abin da ake yin bakin fensir da shi. Fenti kuwa sai mai jure zafi, irin wanda ake fesa wa salansar mota, kuma cikin fitila baƙi ne marar sheƙi. A Turai yanzu ana kankare masu lamba 23 har su yi walƙiya, a sa musu ƙaramin ƙwai a ajiye a falo don ado, abin da ya sa farashinsu ya tashi. A dandamali kuwa jiki mai walƙiya ɗauke hankalin 'yan kallo kawai yake yi.

Idan an mayar da komai, a haska farin bango a duba. A mai gilashin Fresnel, ƙwai da madubi tare suke tafiya: idan sun matso kusa da gilashi haske ya bazu, idan sun ja baya ya tattaru. A mai lamba 23 kuwa, abin nema shi ne da'ira mai kaifin baki wadda tsakiyarta ya ɗan fi gefe haske kaɗan. Idan ka ga hasken ya karkata gefe guda ko tsakiya ya yi duhu, zaren ƙwan bai zauna a inda madubi ke tattara haske ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba kowane ƙwai mai wat 500 ne zai yi ba, ko da ya shiga mariƙin: tazarar da ke tsakanin gindi da tsakiyar zaren sai ta zo daidai. Asalin ƙwan waɗannan ƙanana shi ne T1, wanda daga baya T17 na halojin ya maye gurbinsa, mai lamba 743 kuma tana ɗaukar T11 ko T19. Ƙwan halojin ba a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya kumbura ya fashe; idan an taɓa, a goge da sipirit kafin a kunna.

Tsawon ran ƙwai yana hannun wutar da ake ba shi fiye da yadda mutane ke zato. Ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan bolt ɗin da aka rubuta yana rage ransa da kusan rabi, ragin kashi 5 kuma yana kusan ninka shi, alhali hasken da aka rasa ido ba ya cika lura da shi. A inda wuta ke hawa da sauka, ko janareta ke yin sama idan an sauke masa kaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni nakan sa a kafa iyaka a kan allon sarrafa hasken fitilu, kada wata fitila ta wuce kashi 90. Haka kuma zaren ƙwai idan yana da sanyi yakan ja wuta fiye da ninki goma na abin da yake ja in ya yi zafi, shi ya sa ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa. A riƙa ɗumama su a ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci kafin a fara gwaji. Kuma kada a buga ko a jijjiga fitila tana kunne, zaren yana da laushi a lokacin.

Akwai lissafin da ya kamata ka yi kafin ka kai wa shugabannin kwaleji takardar neman kuɗi. A ce 20 daga cikin fitilun masu wat 500 ne, 10 kuma masu wat 1,000. Jimla kilowat 20 ke nan, kimanin amfiya 87 a kan bolt 230 idan duk an kunna su gaba ɗaya. Tsofaffin na'urorin rage haske, wato dima, suna yin aikinsu ne ta hanyar datse igiyar wutar gunduwa-gunduwa, abin da ke rikita na'urar daidaita wutar janareta, ya kuma sa wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta yi zafi fiye da yadda aka saba a layi mai fuska uku. Don haka janaretan sai ya fi lissafin girma sosai, nutural kuma ba a rage mata kauri. Su ma dimomin a buɗe su a share, a duba fankarsu, a ƙara ɗaure kowace mahaɗa, domin mahaɗar da ta saki ita ce mafarin yawancin gobarar akwatin wuta. Idan na zamanin da ne masu karɓar umarni ta bolt 10, ana samun ƙaramin akwatin da ke fassara musu DMX512, tsarin da aka fito da shi a 1986 wanda kusan kowane allon sarrafawa na yau ke magana da shi. A lura dai cewa na Strand da yawa bolt 10 ɗinsu na ɓangaren ragi ne, wato nagetif, sai a sayi akwatin da ya dace.

Game da LED, ba na cikin masu ƙinsa. Yana rage cin wuta ƙwarai, yana rage zafi a ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska, yana canza launi ba tare da ledar launi da ake sawa a gaban fitila ba. Amma dabarar cusa ƙwan LED na gida a cikin mai lamba 23 ba ta haifar da komai sai haske mai rauni marar baki, domin madubin da gilashin an lissafa su ne a kan ɗan ƙaramin zare mai tsananin haske a wuri ɗaya, kuma irin wannan ƙwai ƙyaftawa yake yi a kan dima. Gyaran da ya yi nasara sosai shi ne wanda kamfanin ETC ya yi wa fitilarsa Source Four, wadda ta fito a 1992, inda ake cire gindin ƙwai a sa na LED da aka ƙera mata musamman. Wannan ba zai shiga naku ba. Sannan LED mai araha yana da ƙarancin ja a cikin farinsa, sai ka ga fuskar ɗan wasa mai baƙar fata ta koma toka-toka ko ta yi kore-kore, alhali hasken ƙwai mai zaren tangstin, irin na tsofaffin nan, mai ɗumi ne, yana fito da ita da kyanta. Saboda haka idan kuɗi ya samu, a sayi LED don wanke bango da launi da hasken baya, inda ake cin wuta da ledar launi da yawa, a bar tsofaffin nan su riƙe fuskoki daga gaba.

Abin da zai ƙayyade shekarun da za ku ci gaba da morar su shi ne samuwar ƙwai. A 2018 masu hasken wasan kwaikwayo a Turai sun yi gangami don kada dokar tsimin wuta ta Tarayyar Turai ta haramta waɗannan ƙwayaye, kuma dokar da ta fara aiki a watan Satumba na 2021 ta keɓe yawancinsu. Duk da haka masana'antu suna ta rage yin su tun da masu saye sun ragu, kuma masu gindin P28s sun fi GX9.5 wuyar samu. Tun kafin a sayi waya ko mariƙi, a fara neman ƙwan kowane iri a ji farashinsa, a sayi abin da zai kai shekara biyu ko uku, a ajiye a kwalinsa a wuri marar laima.

Cikin 30 ɗin nan kada ka sa ran duka za su tashi. A raba su tun farko: waɗanda jikinsu da gilashinsu ke lafiya a gyara, waɗanda suka tsage a jiki ko a wurin rataya a kwance su a ɗebi gilashi da madubi da kusoshi da firam ɗin launi don ciyar da sauran. Kowace da aka gama a rubuta mata lamba a ƙarfen rataya, a buɗe littafi a shigar da ranar gyara, da abin da aka canza, da sakamakon awo biyun nan. Daga nan sai a riƙa sauke su sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan hunturu ya wuce, a share, a duba ƙafafun ƙwai, a sake awo kafin a mayar da su sama.